Yaran Agege masu haɗa salsalar zuri'a: na gwada su, ga yadda muka ƙare

Tun ranar da na ɗora hoton littafin tarihin zuri'armu a WhatsApp mutane suka dame ni da tambaya, wa ya yi maka, nawa ka biya, cikin yana da kyau ko bangon ne kawai. To bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, dan na gaji da maimaitawa a waya ina tsakiyar ciniki a Mile 12 ana sauke albasa.

Ni haifaffen Agege ne, babana ma a nan ya girma kuma a nan muka binne shi, Allah ya jiƙansa. Kakana ne ya zo Kurmi daga wani ƙauye a ƙasar Bebeji, goro ya kawo shi kamar yawancin tsofaffin Zango. Iyakar abinda na sani kenan, kuma bai taɓa damuna ba sai bara da babban ɗana zai karɓi takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, muka ɗunguma muka tafi gida, dagaci ya dube mu yace ɗan gidan wa? Na faɗi sunan babana, shiru. Na faɗi na kakana, yace wanne a ciki, masu wannan sunan da suka tafi Kurmi ai ba ɗaya bane. Nace ranka ya daɗe wanda dai ya zauna a Agege, aka kwashe da dariya a zauren. Wallahi gumi ne ya karyo min, ga yaro a gefe yana kallona. Ba dan wani tsoho da yasa na kwatanta masa tsagar fuskar kakan namu ya gane gidan ba, da haka zamu hawo mota mu dawo Legas hannu rabbana.

Bayan mun dawo ne wani abokina a Idi-Araba ya haɗa ni da yaran nan. Su uku ne, shagonsu na cikin Agege ba nisa da layin dogo, asali hoto da buga takardu suke yi, katin biki, kalandar aure, irin waɗannan, daga baya suka ƙara da wannan aiki na bin tushen mutum. Ba zan kama sunan shagon ba saboda akwai inda zan taɓa su, kuma yara ne masu neman na kansu, gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Mun yi ciniki akan naira dubu 250. A ciki zasu je ƙauyen su ɗauki muryar tsofaffi, su ɗauki kwafin tsofaffin hotuna da takardu, su karanta na ajami, su buga littafi kwafi 20 da babbar bana mai bishiyar zuri'a wadda za a rataye ranar taro. Kuɗin mota zuwa Kano da dawowa nawa ne, haka ma goro da sabulu da turmin atamfa da za a riƙe wa tsofaffi, dan ba ka shiga ɗakin tsohuwa da na'ura hannu na dukan cinya kace ta baka tarihi. Wannan su suka tuna min, kuma tun daga nan na fara ganin sun san abinda suke yi.

Inda suka burge ni da gaske shine hirar. Wanda suka tura, ƙaraminsu ne, ya yi karatun allo sosai kafin ya yi boko, kuma yana da haƙurin da ni bani da shi. Kwana 5 ya yi a garin. Akwai Gwaggo, yayar babana da aka bari a gida lokacin da kakanmu ya kwaso sauran iyali zuwa Kurmi, ita kaɗai ta rage a sa'o'inta. Ni duk zuwan da nake yi gaisuwa ce da miƙa ɗan abin hannu, ban taɓa zama na tambaye ta komai ba. Yaron nan ya zauna a bakin ƙofarta akan tabarma yana taya ta ɓarar gyaɗa har ta saki jiki. Kun san tsofaffinmu da alkunya, bata faɗin sunan mijinta, bata faɗin na ɗan fari, surukai kuwa ko a mafarki. Sai tace Malam, ko tace mai sunan wancan yaron. Da wani ne sai ya rubuta Malam ya wuce. Shi sai ya kirawo wata jikarta mai surutu ya zaunar da ita, in an zo kan suna jikar ta faɗa da ƙarfi, Gwaggo ta kai mata duka da mafici tace ja'ira, to an tabbatar kenan. Duk wannan yana cikin muryar da suka bani, har ƙarar maficin ana ji.

Sai maganar shekaru. Ba wanda yake da takardar haihuwa a cikinsu, to da me za a auna? Da abubuwan da suka faru. Gwaggo tace an kai ta ɗakin miji shekarar da Sarki Alhaji ya rasu, wato Abdullahi Bayero, 1953 kenan. Tace babanta, kakana, an haife shi cikin yunwar Kakalaba, ana cewa uwarsa ba ruwan nono, wannan ya kai mu wajen 1914. Shi kuma uban kakan nawa yana saurayi Turawa suka fasa Bebeji akan hanyarsu ta zuwa cin Kano a 1903. Na baya bayan nan kuma da sauƙi, wane an haife shi shekarar canjin hannu, 1972, wance shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira, 1973. A littafin duk inda suka sa shekara sun rubuta da me suka auna ta a gefe, wanda yake kintace ne sun ce kintace ne. Wannan tsakani da Allah na yaba.

A nan ne ma na fara sanin mu Agalawa ne. Ina jin kalmar tun ina yaro a Zango amma na ɗauka sunan unguwa ce. Ashe fatake ne, su da Tokarawa da Kambarin Barebari su suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, a ɗora wa jakuna kanwa da tufafi da fata, a yi watanni ana tafiya ƙarƙashin madugu har Salaga a ƙasar Gana ta yanzu, a juyo da goro ana yayyafa masa ruwa ana sauya ganye kar ya bushe. Alhassan Dantata ma da aka haifa a Bebeji a 1877 daga cikin Agalawan yake. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 sai hanyar jaki ta fara mutuwa, goro ya koma bin dogo daga Ikko, ga shi kuma ana nomansa a nan Agege da su Shagamu, shine fataken suka gangaro suka yi zango kusa da tasha. Wato zaman da muke yi a Agege ba wai kakana ya ga dama bane ya taho yawon duniya, sana'ar gidansu ce ta canza hanya ya biyo ta. Na yi shekara 46 ina tsallaka layin dogon nan kullum ban san shi ya ajiye mu a nan ba.

Sun kuma gano min dalilin da yasa ba a taɓa nuna min kabarin kowa ba a ƙauyen. Garin da muke zuwa yanzu ba shine na asali ba, an tashe su ne lokacin aikin dam ɗin Tiga zamanin Audu Bako, wanda aka gama a 1974. Kufan yana cikin ruwa, da rijiyar da marinar da maƙabartar duka. Yaron ya sa wani dattijo ya zana masa yadda tsohon garin yake a ƙasa da kara, gidan wane yana gabas da masallaci, kukar da ake ɗaure jakuna tana nan, ya ɗauki hoto ya sake zanawa a littafin. Wannan shafin kaɗai in da shi suka kawo min da ban ce na yi asara ba.

To yanzu bari in zo inda muka samu matsala, dan ba kaɗan bace.

Na farko hotuna. Hoton kakana guda ɗaya tal muke da shi, baƙi da fari, ya ɗan ci ruwa a gefe. Suka ce zasu gyara shi. Suka saka shi a wata manhaja ta waya mai sa wa hoto kala, ta goge masa fuska sumul kamar ango, tsagar nan ta ɓace ƙarƙaf. Tsagar da ita ce ta cece mu a zauren dagaci! Ita ce katin shaidar mutumin, kun share ta kun bar min wani kyakkyawan Bahaushe da ban sani ba. Da na yi magana babbansu yace oga ai yawancin kwastomomi haka suke so. Nace to ni ba yawanci bane, a dawo min da tsohona yadda yake da cin ruwansa.

Na biyu shine wanda ya fi ɓata min rai. Muna da wani Baffa, ƙanin babana ta wajen kishiya, mutumin kirki ne amma in ya fara labari sai ka riƙe hularka. Ya gaya musu wai asalinmu ɗan sarki ne da ya rasa sarauta ya yi fushi ya fita. Jama'a wane gida ne a ƙasar Hausa ba a faɗin wannan labarin? In duk 'ya'yan sarakin da suka yi fushi gaskiya ne to waye ya yi noma. Suka ɗauka suka sa a shafin farko da manyan baƙaƙe. Alhali a cikin muryar da su da kansu suka ɗauko, an tambayi Gwaggo tace ɗan sarki a ina, jaki 12 dai na sani da bashin kanwa. Sannan ta faɗi wata magana, cewa uwar kakana ba Bahaushiya bace, daga hanyar Gwanja aka zo da ita tana yarinya, har ta mutu Hausarta bata fita sosai. Kowa ya san me ake nufi da an zo da ita a wancan zamanin. Wannan suka cire gaba ɗaya basu ko tambaye ni ba, wai kar raina ya ɓaci. Matar da ta shayar da kakana cikin Kakalaba da ƙyar, ita za a ɓoye a sa min ɗan sarkin da babu shi. Na gane tsoronsu, sun ce akwai wanda ya taɓa hana su cikon kuɗi akan irin wannan, amma da sai su kira ni mu yi shawara, ni ne mai gidan ba su ba.

Banar ma haka, maza zalla. An yi tuya an manta da albasa, Gwaggon da ta bada kusan duk labarin babu sunanta a bishiyar, balle 'ya'yanta. Kuma kun san wanda aka haifa bayan mata Tanko ake ce masa, to sun sa Tanko reshe daban, sunansa na yanka reshe daban, mutum ɗaya ya zama wa da ƙani har da raba musu 'ya'ya. Ga rashin ƙugiya a rubutun, Baƙo ya koma Bako, ɗaki ya koma daki, wai kwamfutar shagon bata da haruffan. Lokaci kuwa sati 6 suka ce, sai da aka ci wata 4, yau Nepa gobe kwamfuta ta mutu, wannan kam duk ɗan Legas ya saba bana ma lissafa shi.

Wani abu da zan ƙara musu a gefen yabo, sun min tayin zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da ƙarin kuɗi, amma ƙaramin nan ya ja ni gefe yace Alhaji abinda za a samu a can rahoton haraji ne na gunduma da Turawa suka rubuta, zai yi wuya ka ga sunan kakanka, in tarihin yankin kake so to, in na gidanku ne ka riƙe kuɗinka. Na riƙe.

Da Babbar Sallah muka yi taron zuri'a a ƙauyen, na Legas muka cika mota biyu, na Kano da na Jos suka zo. Banar ban rataye ta ba, tana naɗe a but. Muryar muka saka a lasifikar masallaci da muka aro bayan la'asar, yaranmu da Yarbanci ya fi kama bakinsu suka yi tsit suna ji, Baffa ya tashi wai zai duba akuya daidai inda aka zo maganar jaki 12. Gwaggo kuwa ta aiko a kira ni, tace kai Babana, haka take ce min dan sunan mahaifinta gare ni, wannan tsohuwar da ke magana a cikin abin nan wace ce, ni muryata bata tsufa haka ba. Sannan tace ta tuno wasu mata uku da ta manta, a turo mata yaron nan mai haƙuri.

Duk wanda zai basu aiki, ka ce tun farko a baka muryar ɗanyarta ba a yanke komai ba, ka saurara da kunnenka kafin ka yarda a buga ko shafi ɗaya, ka hana su taɓa fuskar kowa a hoto, kuma kar ka biya duka. Ni akwai cikon dubu 40 a hannuna. Sun ce sabuwar banar da matan a ciki da gyararren shafin farko zasu fito ranar Juma'a, in an sakko daga masallaci zan biya ta shagon in gani, wannan ce Juma'a ta uku da suka faɗa.