Masu wankin kafet da suka raba mu gardama da mai gidan haya

Shekara huɗu muka yi a wani filat a Malali, cikin garin Kaduna, kuma da kafet muka tarar da shi, irin wanda ake mannewa da gam daga bango zuwa bango. Na Alhaji mai gidan ne. Da za mu koma Unguwar Dosa, ejan ya zo duba gida, ya tsaya a bakin ƙofar falo, ko takalmi bai cire ba, ya ce kafet ya lalace, don haka naira dubu 80 da muka ajiye na koshin, wato kuɗin da ake riƙewa saboda ko an yi ɓarna a gida, ba za su dawo ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin na san irin sharar da na sha a falon nan.

Maƙwabciyata ce ta haɗa ni da wasu samari uku masu wankin kafet daga wajen Kawo. Bari in fara da laifinsu: sun ce ƙarfe tara na safe, sai bayan azahar suka iso, ba su kuma kira sun ba da haƙuri ba. Amma sun zo da injinsu da ƙaramin janareto, ba su tsaya jiran a kawo wuta ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne abin da ogansu ya yi kafin ya taɓa ruwa. Durƙusawa ya yi yana bin kafet ɗin da tafin hannu. A ƙarƙashin taga ya ɗaga gefe, sai ga bayan ya yi baƙi da funfuna, simintin kuma da danshi. Ya ce, "Hajiya, wannan ba daga sama aka zubar ba, bango ne yake tsatsafo da ruwa." Hanyar da ta sule daga ƙofa zuwa kicin kuwa ya ce cin ƙafa ne, ko wa ya zauna haka za ta yi. Sai ya zo kan huji uku kusa da inda kujera take, ya ɗago ya dube ni: "Wannan kam na kasko ne." Ban musa ba. Garwashin turaren wuta ne ya faɗi ranar sunan 'yata, ni na ɗauko kaskon da hannuna.

Dama mijina ya sha faɗa cewa a wurin malamai mai haya amana aka ba shi, ba ya biyan abin da ya tsufa da amfani na yau da kullum, sai wanda sakacinsa ya ɓata. Takardar yarjejeniyarmu ma haka ta nuna. Abin da muka rasa shi ne wanda zai nuna da yatsa ya ce wannan tsufa ne, wannan ɓarna ce, kuma ba ya da riba a kowane ɓangare.

Aikin kansa ya yi kyau, ko da yake bai cika ba. Datti ya fita har asalin ruwan tokar kafet ɗin ya dawo. Tabon manja ya dushe amma yana nan. Hujin kuwa, ogan ya yanko ƙyalle daga lungun bayan ƙofa ya yi faci, in ka sunkuya za ka gane, domin ƙyallen bai sha rana ba, ya fi sauran duhu. Ya ce kwana ɗaya zai bushe. A watan Agusta, a Kaduna! Kwana uku muka yi da fanka da tagogi a buɗe, warin sabulun kuma ya daɗe.

Ranar miƙa makulli Alhaji ya zo da kansa. Mijina ya ce, "Baba, ga bangon nan," ya kuma nuna masa saƙonnin WhatsApp da muka tura wa ejan tun damina biyu da suka wuce kan danshin. Dattijon ya taɓa simintin, ya yi shiru, sannan ya ce a cire dubu 15 na ƙuna, a mayar mana da sauran. Kuɗin wanki mu muka biya, ban kuma ji haushinsa ba.

Na riga na ce su zo Unguwar Dosa su wanke mini kujeru, amma sai an shiga rani, kuma na gaya wa ogan in ya ce tara, to ya zo tara.