Teburin tankin kifin ruwan gishiri: na katako ko na ƙarfe?

Ɗan'uwa, ka ce tankin gilashinka tsawonsa santimita 120, faɗi 45, tsayi 50, kana so ka zuba ruwan teku da kifi, kuma kana tsakanin biyu: ko dai ka haɗa teburin katako da hannunka, ko ka kai wa mai walda ya yi maka na ƙarfe. Na yi amfani da duka biyun, ga abin da na gani.

Mu fara da nauyi, don shi ne ke yanke hukunci. Tankin nan yana cin lita 270. Ruwan teku ya fi ruwan famfo nauyi, saboda kowace lita tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, don haka ruwan kaɗai ya kai kilo 277. Gilashi mai kaurin milimita 10 a wannan girman zai yi kilo 55 ko kusa da haka. Ƙara duwatsu da yashi, ka wuce kilo 350. Buhun siminti bakwai ke nan a kan teburi ɗaya, dare da rana, shekara da shekaru, ba saukewa.

Wajen ɗaukar wannan nauyin, duka biyun za su iya. Ƙarfe ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma sirara ne ƙafafunsa, sai ya bar maka fili a ƙasa inda za ka ajiye ƙaramin tankin tace ruwa da famfo. Wannan kam ba a ƙwace masa ba. Katako yana cin wuri, amma katako tu-bai-fo (mai kaurin inci biyu, faɗin inci huɗu) guda ɗaya a tsaye yana ɗaukar nauyin da ya fi abin da kake tsammani, in dai a tsaye nauyin ya sauka a kansa.

Inda suka rabu shi ne gishiri. Tankin ruwan teku ba ya zama a bushe. Kumfar iska tana fashewa a saman ruwa, feshi yana tashi, ruwan ya bushe ya bar farin gishiri a duk inda ya taɓa. Teburina na farko na ƙarfe ne, an yi masa fenti ya yi kyau. Wata rana na durƙusa zan share ƙasa, na ga fentin ya kumbura a gindin ƙafa ɗaya daidai wurin walda. Na sa farce na danna, sai ya ɓare, jan gari na zuba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne fayif ne mai rami, ban san yadda cikinsa yake ba, domin tsatsa tana iya ci daga ciki waje na sheƙi. Kuma ba a gyara shi tanki na kai, sai an kwashe kifi da ruwa da duwatsu gaba ɗaya. Katako ba ya tsatsa. In ruwa ya shige shi zai yi baƙi ko ya yi laushi a inda idonka ke gani, tun abin bai yi nisa ba. Akwai ƙarfen sitenlas mai lamba 316 da ke jure ruwan teku, sai dai tsadarsa da ƙarancin masu iya waldarsa sun sa ban ba ka shawararsa ba.

To katako ma yana da nasa ciwon, kuma a ƙasarmu ciwon ya fi yawa. Yawancin wanda ake sayarwa a kasuwa ɗanye ne. Ka haɗa teburi da shi da damina, hunturu na shigowa ya bushe ya murɗe, kusurwa ɗaya ta ɗaga. Milimita biyu ko uku sun isa su sa gilashin ƙasa ya ɗauki nauyi a karkace, daga nan sai tsagewa ko gam ɗin da ke riƙe da gilashin ya saki. Saboda haka nemi busasshe, ko ka saya ka jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani ya yi makonni, sannan a kai inji ya goge shi ya miƙe. Loko da maɗaci sun fi jure danshi da gara. Farin katako mara nauyi irin na rufin gida, bar shi. Shi kuwa allon garin katako da ake kira MDF, kada ma ya shigo maganar, yana shan ruwa ya kumbura kamar burodi.

Abin da nake so ka riƙe da kyau a haɗin shi ne wannan: kada sukuru ya ɗauki nauyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a manna ƙafa a gefen firam ɗin sama a ɗaure da sukuru huɗu, nauyin duka ya rataya a kansu. Ga su kuma a cikin iskar gishiri. Daidai shi ne firam ɗin sama ya zauna a kan ƙafa kai tsaye, ƙafar ta zauna a kan firam ɗin ƙasa, katako bisa katako har dandamali. Sukuru da gam aikinsu kawai su hana motsi. Katakon firam ɗin a kafa shi a gefensa, ba a kwance ba, don a haka ya fi ƙin lanƙwasa. Sannan a rufe baya da gefuna biyu da filawud mai kaurin milimita 18, wanda aka yi don wurin ruwa in ka samu. Wannan rufin ba ado ba ne, shi ne ke hana teburin kwantawa gefe in yaro ya jingina ko an bangaje shi. Sukurun ma sa na sitenlas.

Saman teburin ya danganta da irin tankinka. In mai firam ɗin roba ne a gindi, a gefuna yake zama, kada ka sa masa soso. In gilashi ne zalla, yana bukatar shimfiɗaɗɗen filawud da siririn soso a kai, gindin duka ya samu wurin zama.

Kuɗi kuwa ba zan kawo lissafi ba, farashi na sauyawa kullum, amma na katako kai da kafinta ɗaya kun isa, kuma ko bayan shekara kana iya huda shi ka wuce da fayif.

Ni dai katako zan zaɓa maka. Ka yi tsayinsa wajen santimita 85 don hannunka ya samu sakewa a cikin teburin, ka shafe ko'ina da fenti mai hana ruwa sau biyu ko uku, musamman bakin da zarto ya yanka, don ta nan katako ke shan ruwa. Bar ramuka a baya iska ta fita, soket kuma ya zauna sama, nesa da feshi. Kafin gishiri ya shiga, ɗora tankin a inda zai zauna, cika shi da ruwan famfo, duba ko layin ruwan ya yi daidai da bakin gilashi a kusurwa huɗun. Bar shi kwana uku ka sake dubawa. In wani gefe ya sauka, kwashe ruwan ka cusa siririn katako a ƙarƙashin teburin, ba ƙarƙashin tankin ba.