Rumbun bayanan gadojin Amurka da shafin InfoBridge: abin da na tarar a ciki

Hukumar kula da manyan hanyoyi ta tarayyar Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da FHWA, tana riƙe da rajistar gadojin ƙasar, kuma ta bar ta a buɗe ga duk mai intanet. Sunan rajistar National Bridge Inventory, masu aiki da ita kuma NBI kawai suke ce mata. Gadoji fiye da 620,000 ne a ciki, wato duk wata gada da ke kan hanyar jama'a wadda tsawonta ya wuce ƙafa 20, kimanin mita 6. Ba a biyan kuɗi, ba a cike takardar neman izini. Ni aikina tace alƙaluma ne da zuba su a taswira, kuma cikin bayanan gwamnati da hannuna ya taɓa, kaɗan ne suka kai wannan cika. Amma kyautar tana da sharaɗi, wanda zan zo kansa.

Asalin rajistar hatsari ne. A ranar 15 ga Disamba 1967 gadar Silver Bridge da ke kan kogin Ohio, a garin Point Pleasant na jihar West Virginia, ta rufta da motoci a kanta, mutum 46 suka rasu. Tsaga ce ƙarama a jikin ƙarfe guda ta jawo haka. Daga nan majalisa ta yi doka a 1968, aka fitar da ƙa'idojin duba gadoji na ƙasa a 1971. Yau yawancin gadojin ana duba su duk bayan wata 24, jihohi su tattara sakamakon su miƙa wa tarayya sau ɗaya a shekara.

Ƙofa biyu ake shiga. Ta farko shafin InfoBridge ne, wanda aka buɗe a 2019, kuma shi nake nuna wa duk wanda bai saba da harkar ba. Za ka zaɓi jiha, ka zaɓi ƙaramar hukuma, ka ce a nuna maka gadojin ƙarfe da aka gina kafin 1960 waɗanda halinsu ya yi rauni, nan take su bayyana a jere da kuma a taswira. Ka latsa ɗaya, sai ga shekarar gininta, mai ita, yawan motocin da ke bi ta kanta a rana, da yadda makin da sufetoci ke ba lafiyarta ya riƙa hawa da sauka shekara bayan shekara. Wannan tarihin makin shi ne abin da na fi yaba wa shafin. Da ɗanyen fayil sai ka sauke na shekaru da yawa ka ɗinke su da hannunka kafin ka ga abin da shafin ke nuna maka a zane guda. Akwai bayanan yanayi da aka haɗa da kowace gada, akwai kuma hasashen yadda makin zai lalace nan gaba. Hasashen ina kallonsa dai, ban taɓa jingina wani hukunci a kansa ba. Abin da ka tace kuma za ka iya fitar da shi zuwa Excel. Ga ɗan jarida ko ɗalibi mai tambaya a kan gari ɗaya, wannan ya wadatar.

Ƙofa ta biyu ɗanyun fayiloli ne, na kowace shekara tun daga 1992, jiha-jiha ko ƙasa gaba ɗaya a dunƙule. Nan ne aikin gaske yake, nan ne kuma sharaɗin da na ambata. Kowace gada layi ɗaya ce mai gurabe sama da 100, kuma kusan komai lamba ce ko harafi. Ba za ka ga an rubuta cewa gada a rufe take ba, sai dai ka ga harafin K a gurbi na 41. A na nufin a buɗe take, P na nufin an ƙayyade nauyin motar da za ta hau. Fassarar duk waɗannan tana cikin littafin jagora na 1995, wanda shi ma kyauta ake sauke shi. Wanda ya ce zai yi aiki da fayilolin bai karanta shi ba, zai fitar da lissafi mai kyan gani wanda ba shi da alaƙa da gaskiya.

Bari in tsaya a kan lambobin wuri, don a nan mutane suka fi faɗawa. Gurbi na 16 da na 17 su ne ke nuna inda gada take a doron ƙasa, amma ba a rubuta su yadda manhajar taswira ke so ba. An jera digiri da minti da sakan ne a manne, babu ɗigo. Idan ka ga 40263000, ma'anarsa digiri 40, minti 26, sakan 30, wanda ya zama 40.4417 bayan an juya shi. Mai gaggawa sai ya saka ɗigo bayan 40 ya samu 40.263, ya kai gadar kusan kilomita 20 kudu da inda take, kuma taswirar ba za ta yi ƙorafi ba. Sannan lambar gabas da yamma ba ta ɗauke da alamar ragi, alhali Amurka a yammacin duniya take. Ka zuba su a manhajar taswira ta QGIS yadda suke, ka tarar da gadojin tsakiyar Amurka sun yi sahu a yammacin ƙasar Sin. Wannan aƙalla ido yana kama shi. Na farkon ne mugu, don yana kama da daidai. Akwai kuma 'yan layukan da wurin nasu sifiri ne ko kuma an shigar da shi ba daidai ba tun daga tushe, waɗannan sai dai a ware su gefe.

Excel ma yana da tasa ɓarnar. Yana cinye sifirin farko, sai lambar jihar Alabama ta tashi daga 01 ta koma 1, ranar dubawa ta 0322, wato Maris 2022, ta koma 322. Lambar gada kuwa, mai gurbin haruffa 15, rubutu ce ba adadi ba, kuma a cikin jiharta kaɗai take da ma'ana, don haka dole a haɗa ta da lambar jiha kafin a ce an gane gada. Ni da yaren kwamfuta na Python nake buɗe fayilolin, in umarce shi ya karanta komai a matsayin rubutu, daga baya in juya abin da nake bukata zuwa adadi. Wani lokacin jiha takan sauya tsarin lambobin gadojinta, sai ka ga kamar dubban gadoji sun ɓace a shekara ɗaya wasu dubbai sun tsiro. Gadar da ke kan iyakar jihohi biyu tana iya fitowa sau biyu. Fayil ɗin da ya ƙunshi dukkan layuka kuma yana da na hanyoyin da ke bi ta ƙarƙashin gada, waɗanda ba gadoji ba ne, gurbi na 5 ne ke bambance su.

Yanzu ga makin kansa, wanda shi kowa ke zuwa nema. Sufeto yana ba sassa uku maki daga 0 zuwa 9: shimfiɗar da mota ke takawa, sassan da ke ɗauke da shimfiɗar, da ƙafafu da tushen da ke ɗauke da duka. Kwalbati yana da gurbinsa daban, na 62, shi ya sa za ka ga harafin N a sauran gurabe ukun nasa. Wanda ya mayar da N sifiri ya rushe dubban kwalbatoci lafiyayyu a lissafinsa. Mafi ƙanƙantar makin shi ke yanke hukunci: 7 zuwa sama mai kyau, 5 da 6 matsakaiciya, 4 zuwa ƙasa mai rauni. A 'yan shekarun nan masu rauni suna wajen 42,000, kusan kashi 7 cikin ɗari.

Tsarin yana da sauƙin fahimta, kuma wannan sauƙin ne ke ruɗar mutane. Lamba ɗaya ce ke wakiltar gaba ɗayan ƙarafan gada mai tsawon kilomita, kuma ido ne ya ba da ita. Hukumar FHWA da kanta ta yi bincike a 2001 kan yadda sufetoci daban-daban ke ba gada ɗaya maki, ta gano cewa kashi 95 cikin ɗari na makin suna faɗawa ne tsakanin maki biyu sama ko ƙasa da matsakaici. A ma'aunin da tazarar mai kyau da mai rauni maki uku ce kacal, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka idan na ga gada ta sauka daga 6 zuwa 5 a shekara ɗaya ba na ɗaga murya. Idan na ga ta taho daga 7 tana gangarowa har 4 cikin shekaru goma, ko ta zauna a 4 shekara da shekaru babu alamar gyara, wannan labari ne.

Gadar Fern Hollow ta birnin Pittsburgh irin wadda ta zauna a 4 shekara da shekaru ce. Tun 2011 take cikin masu rauni, an ƙayyade mata nauyin tan 26, kuma duk wannan yana cikin rajistar kowa na iya gani. Ta rufta ranar 28 ga Janairu 2022 da motar bas da wasu motoci a kanta, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Hukumar binciken haɗurra ta NTSB ta ce magudanan ruwan gadar sun toshe, tsatsa ta cinye ƙafafun ƙarfen har ta huda su, kuma an yi ta ba da shawarar gyara a rahotannin dubawa ba a aiwatar ba. To waɗannan rahotannin, masu hotuna da bayanin sufeto, ba sa cikin NBI. Suna hannun jihohi da masu gadojin. Rajistar ta nuna maka 4, amma ba ta nuna maka ramin da ke jikin ƙarfen ba, kuma a cikin jerin gadoji dubu arba'in masu irin wannan maki babu abin da zai ware maka ita.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai gadojin da makin bai hango abin da ya same su ba. Gadar I-35W ta Minneapolis da ta faɗi ranar 1 ga Agusta 2007 ta kashe mutum 13 tana cikin masu rauni, gaskiya ne, amma abin da ya kayar da ita farantan ƙarfen da ke haɗa sassanta ne, waɗanda aka zana su da siranta fiye da kima tun a shekarun 1960, ga kuma nauyin kayan gini da aka jibge a kanta ranar. Gadar Francis Scott Key ta Baltimore matsakaiciya ce a rajista lokacin da jirgin ruwan Dali ya daki ƙafarta ranar 26 ga Maris 2024, ma'aikata 6 suka rasu. Makin yana auna lalacewa ne, ba ya auna kuskuren zane ko abin da zai zo ya buge gada. Mai son ya kusanci batun haɗari sai ya haɗa da gurbi na 113, wanda ke magana kan zaizayar da ruwa ke yi wa gindin ƙafafu, da na 92, wanda ke nuna gadojin da karyewar ƙarfe ɗaya ke iya kayar da su. Zaizayar nan ita ta kayar da gadar Schoharie Creek a jihar New York a 1987.

Wani abin da ke ba ni haushi, ba daga rajistar ba, daga masu amfani da ita: jera jihohi bisa yawan gadoji masu rauni. A 'yan shekarun nan jihar Iowa ce ke fitowa a sama, ana ta yaɗawa. Amma mafi yawan nata ƙananan gadojin karkara ne da motoci ƙalilan ke bi a rana. Ƙirga irin wannan gada daidai da gadar babban birni mai layi takwas kamar ƙirga akuya da raƙumi ne a ce dabbobi biyu. Ita kanta tarayya da faɗin shimfiɗa take aunawa: jihar da sama da kashi 10 cikin ɗari na faɗin gadojinta na manyan hanyoyin ƙasa ya kasance mai rauni shekara uku a jere, ana tilasta mata ware kuɗi don gyara. Tsawo da faɗi suna gurbi na 49 da na 52, ninka su ba ya cin minti ɗaya. Yawan motocin ma yana gurbi na 29, sai dai a leƙa na 30 a ga shekarar da aka yi ƙirgar, don wani adadin ya tsufa.

Gadojin jirgin ƙasa da na masu tafiya a ƙafa ba su ne abin da rajistar ta sa gaba ba, kada a neme su a nan. Mai son bayani mai zurfi kan gadojin manyan hanyoyin ƙasa kuma akwai fayiloli daban da aka fara tattarawa a 2015, masu rarraba kowane sashe zuwa hali huɗu tare da adadin abin da ya lalace. Sun fi makin 0 zuwa 9 faɗin gaskiya nesa ba kusa ba, amma sun fi wuyar sarrafawa.

Mai kwatanta shekaru ya yi hattara da ma'anar kalmomi. A 2018 an taƙaita ma'anar rukunin gadoji masu naƙasar gini ta zama daidai da masu rauni, tun kafin nan kuma an daina bin rukunin waɗanda tsarinsu ya tsufa. Idan zanenka ya nuna adadi ya faɗi warwas a wajen waɗannan shekarun, wani ɓangaren faɗuwar daga alƙalami ya zo. Sauyin da ya fi wannan girma shi ne sabon kundin ƙa'idoji na SNBI da aka fitar a 2022 don ya maye gurbin littafin 1995. A cikinsa gurbi na 58, makin shimfiɗa, ya koma B.C.01, na 59, makin sassan da ke ɗauke da shimfiɗar, ya koma B.C.02, wasu gurabe an raba su, wasu sababbi ne ɗungurungum. Duk wanda ya rubuta manhajar da ke kiran gurabe da tsofaffin lambobinsu sai ya sake zama a kanta. Ni na ware teburi guda da ke haɗa tsohon suna da sabo, kuma kowane fayil da na sauke ina ajiye shi yadda ya zo, da shekararsa a jikin sunansa, kafin in taɓa komai a ciki.