Na kai tsohon firjina wurin 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa

Jama'a duk mai tsohon firji ko matacciyar fanka da ta tare masa tsakar gida, bari in ba ku labarin wani shagon 'yan gwangwan da na je ranar Asabar a wajen Ƙofar Ruwa a Kano, ba zan kama suna ba. Firjin nan shekara uku yana zaune kaji sun mai da shi akurki, uwargida ta yi mita har ta gaji, dole na ɗora shi a kurkura.

Ta ɓangarena dai ba ni da ƙorafi. Mai shagon ya sa aka kawo min benci, yaronsa ya fasa kwamfiresa a gabana ya zaro tagullar ciki, ya kara maganaɗisu a jikin kowane abu, wanda ya kama ƙarfe ne, wanda bai kama ba alminiyam ne ko tagulla, kowanne da kuɗin kilonsa kuma tagulla ce sarauniya. Sikeli yana kallona ina kallonsa, aka turo min kuɗina a waya tun ban tashi ba.

Abin da ya tsaya min a rai yaran jari bola ne. Ina zaune wani ya shigo da buhu a kafaɗa, bai wuce shekara 14 ba, silifas ɗinsa kala biyu, yatsa ɗaure da leda inda gwangwani ya yanke shi. Ai kafin allurar sikeli ta gama rawa har an sauke buhun, wai akwai ƙasa da jiƙa a ciki sai an cire kilo biyu. Ya ce "Oga wallahi busasshe ne" aka ce in bai yarda ba ya ɗauki kayansa, to ina zai kai, baron da yake turawa na ogan ne, a rumfar bayan shagon yake kwana. Wani babbansu ya ce min daga Abuja ya dawo, tun da aka hana su yawo cikin gari a farkon 2025 saboda masu sace murafen kwalbati, laifin wasu ya shafi kowa.

Zan koma? Eh, akwai tsohon janareta ma. Amma in za ku aika yaro ku bi shi da kanku, kuma ku auna kayan a gida tukunna. Ku sa rufaffen takalmi, ƙusa ta kusa huda min ƙafa.