Cooper Black ko Rockwell Extra Bold: wanne ya dace da allon gidan burodi?

Wata Hajiya ta tambaya wanne cikin waɗannan salon rubutu (font) guda biyu za ta sa a allon sabon gidan burodinta, tunda duka biyun masu kauri ne, kuma kowanne haruffansa na da 'yan ƙafafu a ƙarshe. Hajiya, kaurin ne kawai ya haɗa su, halinsu daban.

Cooper Black aikin Oswald Cooper ne, ya fito a Chicago ta Amurka a 1922, don talla aka yi shi tun asali. Ki ƙura wa harafi ɗaya ido, ba za ki ga kusurwa mai kaifi ba. Ƙafafun a dunƙule suke, gefe-gefen a lanƙwashe, kamar ƙullin da ya kumbura. Ramin cikin "o" ɗan ƙarami ne, ya ɗan karkata baya, shi ya sa rubutun yake da fara'a. Kamfanin jiragen easyJet da shi ya rubuta sunansa. Sai dai wannan ƙanƙantar rami ita ce matsalarsa: in aka rage girmansa don lambar waya ko adireshi, cikin "a" da "e" sai ya toshe, balle a fileks da tawada ta yi yawa. Kuma ya fi kyau da ƙananan baƙaƙe. In aka jera shi da manya zalla, nauyi yake yi.

Rockwell kuwa kamfanin Monotype ne ya fitar da shi a 1934. Ƙafafunsa a miƙe suke, masu kusurwa huɗu, kusan kaurinsu ɗaya da jikin harafin, har babban "A" ɗinsa yana da 'yar ƙafa a ka. Ba ya wasa. Shagon siminti, makaranta, kanun sanarwa, nan ne gidansa. Amma yana cin fili, dogon suna sai ya cika allo.

Ni dai a gidan burodi Cooper Black zan zaɓa, sunan shago kawai, kalma biyu ko uku. Sauran bayani a sa siririn rubutu mara ƙafa. Kada a haɗa su biyun a allo ɗaya, kowanne so yake a kalle shi.

Kafin ki biya mai bugawa, ki duba abu guda. Cooper Black da Rockwell ɗin da ke zuwa da Microsoft Office ba su da ƙ, ɗ da ɓ. In sunan yana da "daɗi" ko "zaƙi", kwamfuta za ta aro harafin daga wani rubutu, ki ga siririn "ɗ" tsaye a tsakiyar masu ƙiba, ko akwati a gurbinsa. Masu zane da yawa goge lanƙwasar suke yi su bar "dadi". Ki sa ya zana lanƙwasar da hannu a manhajar zane ta CorelDraw, ko ya koma salon rubutun Noto Serif mafi kauri, wanda kyauta ne kuma yana da haruffanmu. Ya nuna miki a waya tukuna.