Goge da anzad: ina suka haɗu, ina suka rabu?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga wata dattijuwa a Abalak tana kaɗa wani abu kamar goge, ka tambaya ko shi ne gogen da muka sani nan Tawa. Ba shi ba ne, anzad ne na Abzinawa, amma ba ka yi nisa ba.

Ta wajen ƙira, ƴan gida ɗaya ne. Ɓarin ƙwarya, a rufe bakinta da fata, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya guda ta izgar doki, a goga da ɗan baka shi ma na izga. A rabon kayan kiɗa gida-gida da masana kiɗa Hornbostel da Sachs suka yi a 1914, duka biyu suna cikin kayan tsirkiya, tare da molo da garaya, sai dai waɗancan ba a goga su.

Fata ce ta fara raba su. Mai goge fatar guza yake nema, sirara ce, tana ɗamewa ƙam, ƙwaryarsa kuma ba ta da girma, shi ya sa muryarsa take da kaifi har ta keta ƙarar masu kiɗan ƙwarya. Anzad ƙwaryarsa ta fi faɗi, fatar akuya ake shimfiɗa mata, sau da yawa da zane a kai. Muryarsa taushi gare ta, ta zaman dare cikin tanti ce, ba ta dandali ba.

Amma ni a ganina babban bambancin yana ga hannun da ke riƙe da bakan. Goge a wurinmu sana'ar maza ce, ana kiran mai shi biki ko wasan bori, a yi masa kari. Anzad kuwa mace kaɗai al'ada ta yarda ta kaɗa. Tana zaune, ta aza shi bisa cinya, maza su rera waƙoƙin jarumta da soyayya. Ko da yake shi ma ana kaɗa wa marar lafiya da ake zaton iska ta taɓa, to nan sun sake gamuwa da goge.

A 2013 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa anzad cikin gadon al'adun duniya, da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Masu iya shi dai sun ragu tun da samari suka rungumi jita. In ka ga goge ƙarami, wannan kukuma ce, kada ka haɗa ta da anzad.