Lurun saƙar hannu a hunturun Jos: abin da na gani bayan na yi amfani da shi

Duk mai neman abin rufa a Jos ya san hanyar Kasuwar Katako, inda bargunan gwanjo suke jibge, ga araha ga laushi. Bana sai na ba wasu masaƙa da ke cikin gari aikin luru, na zaren da aka kaɗa da hannu, kuma da shi na rufa tun daga shigowar sanyin Disamba har iska ta fara sassautawa. Hukuncina a taƙaice shi ne kuɗina bai tafi a banza ba, amma akwai abubuwan da ya kamata mai saye ya sani kafin ya miƙa kafin alƙalami.

Garin nan yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa sanyin asuba yake ratsa ƙashi. Daren farko lurun bai burge ni ba. Yana da kauri, yana da nauyi, kuma jikinsa da kaushi. Sai da aka yi masa wanki na farko da na biyu sannan ya saki. Abin da na fi yabawa shi ne ɗuminsa ba ya sa gumi. Bargon roba kan riƙe zafi har mutum ya farka a jiƙe ya yaye shi, sanyi kuma ya sake kama shi. Auduga tana barin jiki ya sha iska, nauyin lurun kuma yana kwantar da shi a jiki, iska ba ta samun kafar shiga ta gefe. Mahaifiyata, wadda ba ta jure bargon gwanjo saboda atishawa, ita ce ta fara neman a ara mata shi.

Masaƙin dattijo ne, yana aiki da ƴaƴansa da almajiransa a wata rumfa. Masaƙarsu irin ta maza ce, wadda ake zama a taka da ƙafa, ana jefa ƙoshiya dama da hagu, zaren wadari ya miƙe nesa an danne ƙarshensa da dutse. Saƙar tana fitowa ne layi-layi, daga baya a haɗa su da ɗinki su zama mayafi guda. Da na faɗa masa abin da nake so sai ya ce, "Hajiya, na zaren kanti kike so ko na kaɗi? Ki faɗa mini tun yanzu, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne, lokacinsu ma ba ɗaya ba." Wannan gaskiyar tasa ita ta sa na amince da shi. Da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan saƙar gargajiya saƙar hannu ce da gaske, amma zaren na masana'anta ne, wani ma har da roba a ciki. Ba laifi ba ne a sayar da shi, laifin a ɓoye wa mai saye.

Na zaɓi na kaɗi, na kuma roƙi a kai ni wurin masu kaɗin, kuma a can na gane inda yawancin wahalar take. Tsofaffin mata ne kaɗan, suna haɗuwa a tsakar gidan ɗaya daga cikinsu bayan azahar. Audugar ba a Jos ake noma ta ba, daga wajajen Funtuwa da Zariya ake kawo musu. Sai an gurje ta an fitar da angurya, a shiɓe ta ta yi laushi, sannan a ɗauki mazari. Mai kaɗi tana shafa alli a yatsunta don kada su yi santsi, hannu ɗaya na jan auduga, ɗayan na murza mazarin. Zare iri biyu suke fitarwa. Akwai siriri mai murɗi sosai, wanda ake wadari da shi domin shi ke ɗaukar ja, akwai kuma abawa mai kauri da laushi, wadda ake jefawa a gicciye, ita ce ke ba luru jikinsa da ɗuminsa. Abin da masaƙi zai cinye a yini guda, sai mata da dama sun yi kwanaki suna kaɗa shi. Amma idan aka zo rabon kuɗi, nasu kason ne mafi ƙanƙanta. Na tambayi babbarsu, "Inna, me ya sa ba ku ƙara kuɗin zaren ba?" Ta ce in sun ƙara, masaƙi zai koma na kanti, su kuma su rasa na adashi. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Ban ga yarinya ko ɗaya tana koyo a wurin ba.

Sana'ar nan ba ƙarama ba ce a tarihinmu. Lokacin da Baturen Jamus Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano su ne manyan hajojin da fatake ke kaiwa har Timbuktu da ƙetaren Sahara. Atamfar Turawa ta zo ta rage musu kasuwa, masaƙun zamani suka biyo baya da buɗe Kaduna Textiles a 1957, yau su ma galibinsu a rufe suke, yadin ƙasar Sin da gwanjo suka cika kasuwa.

Aibin da na samu guda uku ne, biyu na aikin, ɗaya na alkawari. An ce mini kafin sanyi ya kankama zan karɓa, sai da ya kankama ɗin, kuma ni ce mai bin sawu, babu wanda ya kira ya ce an samu jinkiri. Na fahimci cewa zaren ne bai taru ba, amma faɗar hakan tun farko ba ta cin kuɗi. Na biyu, ratsin shuɗin ya zuba a wankin farko har ya ɗan taɓa farin da ke kusa da shi, don haka a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Ya kuma ɗan tsuke, wanda ya kamata su riƙa ƙara tsawo saboda shi. Na uku, ɗinkin haɗin layi ɗaya ya fara warwarewa daga baki. Da na mayar, Baba masaƙin ya karɓa ba gardama, ya sa aka bi dukkan haɗin aka sake ɗinkewa, bai karɓi ko sisi ba.

Kuɗinsa ya fi na bargon gwanjo nesa ba kusa ba, kuma ba zan ce kowane gida ya iya ba a wannan tsadar rayuwa. Wanda yake da hali, musamman mai haɗa kayan ɗakin amarya, ya ba da aikin tun damina, ya tambaya a fili wane zare za a yi da shi, ya duba da idonsa: zaren kaɗi ba ya zama daidai wa daida, akwai wurin kauri akwai wurin siranta. Ni dai na riga na ba da aikin gwado na gaba, kuma wannan karon na biya matan kuɗin zarensu hannu da hannu, a kan farashin da muka yi da su, sannan na kai wa Baba ya saƙa.